Ruwan da Malam Sharhabilu Ya Roƙa

Malam Sharhabilu ɗan Tanut ne, arewa da Damagaram. Karatu ya kawo shi Alkahira, bai gama ba, bai kuma koma ba. Shekara ashirin da biyu muna bene ɗaya da shi a unguwar Faisal. Sana'arsa raka fatakenmu kasuwar Ataba, ya yi musu tafinta, ya ɗaure musu kaya.

Lokacin ɗalibta ɗakinsu ɗaya da wani Ya'ƙub, mutumin wani ɗan tsibiri a tekun Pasifik. Ya'ƙub ya koma gida, ya koyar, ya shiga siyasa, ya ci kujerar majalisa sau uku, har aka ba shi ministan filaye. Zumunci bai yanke ba. Duk Juma'a sai sun yi waya da Larabci, Malam ya rufe da addu'ar da ya taso yana ji a garinsu mai fari: Allah ya ƙara muku ruwa.

Mu kalmarmu ɗaya ce, na sama da na rijiya da na teku duk ruwa ne. Larabawa sun raba. Malam bai taɓa cewa maɗar ba, wato na sama. Mayya yake cewa, ruwa kawai.

Teku kuwa tana cin tsibirin. Ya'ƙub da hannunsa ya sa hannu a takardar tashin ƙauyensu, aka bar maƙabarta a baya, da kabarin mahaifiyarsa. Mutanensa ba su yafe masa ba, zaɓe na zuwa suka kayar da shi.

Malam ya ga hoton maƙabartar a waya: duwatsun kaburbura tsaye cikin ruwa. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi.

"Hajiya, shekara talatin ina roƙa musu wannan."

Na ce, "Malam, kai wane ne da teku za ta tashi saboda bakinka? Zauna ka sha shayi."

Bai zauna ba. Juma'a huɗu bai kira ba. Ya rame. In motar haya ta hau gadar kogin Nilu sai ya runtse ido, wai yana ganin duwatsun. Abin da yake so kawai ya ji Ya'ƙub ya yafe masa, amma tsoron tambaya yake. Na gaji, na danna lambar da kaina na miƙa masa.

Ya yi bayani. Ina jin amsar daga inda nake tsaye.

Ya'ƙub ya ce, "Ma'alish, ba komai, ɗan'uwa. Na san nufinka tun ranar farko. Kunya ta hana ni gyara maka. Ruwa na bakin ƙofata, ina ce maka amin."

"To ka yafe mini?"

"Na yafe. Kai ka sami wanda za ka tambaya. Ni tsohuwata tana ƙarƙashin teku."

Malam ya daɗe riƙe da wayar bayan kiran ya katse. Sannan ya ce a zubo shayin, amma bai iya kai kofin baki ba.