Bakina ya raba mini tukunya

Yau a gidana na Unguwar Boro ni kaɗai aka dafa wa miya a 'yar tukunya, kuma bakina ne ya ja mini.

Tun da likita ya hana ni gishiri na ce ba za a ware ni kamar baƙo ba. Tukunya ɗaya ubana ya ci da iyalinsa, haka zan ci da nawa. Sai kowa ya koma shan lami tare da ni.

Jiya na tarar da jikata Rifkatu, mai rubuta manhaja, ta zabga tagumi gaban kwamfuta. Wai ta sabunta kayan aikin da ke cikin kwamfutar saboda sabon aikinta, sai tsohon aikin ya ƙi tashi.

Na ce, "Da can wuri ɗaya kika zuba musu kayan?"

"E, Kaka. Yanzu zan keɓe wa kowane aiki mazauninsa a cikin kwamfutar, da kayan da jikinsa ke so. Na wannan ba zai taɓa na wancan ba."

"Sai yau kika sani? Tsoho da yaro ai ba cimarsu ɗaya ba. Wanda ya haɗa su mugu ne."

Ta leƙa kicin wurin mahaifiyarta. "Mama, kin ji da kunnenki ko? Sauko da ƙaramar tukunyar nan."

Na ce da kwamfuta nake. Ba wanda ya saurare ni, har an aika sayen gishiri.

Jama'a, ku yi mana shari'a: maganar da aka yi wa na'ura tana kama mutum?