Fasfo a Cikin Kwallar Kaka

Komai tsufan da zan yi, ba na jin zan manta ranar da na fara fita ƙasar waje.

Tun ina sakandare littattafan soyayya na kasuwa suka gama da ni. A cikinsu in an ce ƙasar waje, to jirgi ne, da dusar ƙanƙara, da wani dogon saurayi mai ƙamshi da zai ɗaukar miki jaka. Shi ya sa da na ji ina cikin ɗaliban Faransanci da suka samu tallafin karatu na wata uku, ban ma tsaya jin wace ƙasa ba ce. Na koma gida Farfaru kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na sayi rigar sanyi ta gwanjo mai gashi a wuya, aka yi mini fasfo, na yini ina yi wa hotona murmushi.

Sai daga baya na ji Yamai za mu, a mota, ta Magama. Kakata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Nijar ɗin da nike zuwa suna in dawo kahin la'asar?" Ta karɓi fasfon ta jujjuya, ta ce wannan na zuwa Makka ne, ba a ɓata shi kan Nijar. Ta sa shi cikin kwallarta ta rufe. Ni ma ban ga laifi ba. Mu da ke tsallakawa biki a bayan babur, wa ya taɓa tambayarmu takarda?

Ranar tafiya motar makaranta ta tsaya a bodar Magama, malaminmu ya ce kowa ya fito da fasfo. Na ce da fara'ata, "Malam, ai ni 'yar gida ce."

Ya kalle ni, ya ce, "Makarantar can ba ta karɓar ɗalibin da ba a buga wa hatimi ba. Da an idar da azahar za mu tashi, da ke ko babu ke."

Na buga wa yayana waya ya kawo mini fasfon, na zauna a benci cikin rigar gashin nan, domin duk zafin da ake na ƙi cire ta. Ma'aikaciyar da ke buga hatimi, wata Kirista 'yar Filato, ta leƙo ta taga. "Ƙanwata, ƙanƙara ake yi a Maraɗi ban sani ba?"

An sallame sallah, direba ya tayar da mota, sai ga babur a guje. Yayana ne, Kaka a bayansa, ta rungumo kwallar gaba ɗaya.

"Cewa na yi ta ba ni, ta ƙiya," in ji Yaya yana haki.

"In ba ka, ka yar a hanya?" Ta buɗe murfin da kanta, ta miƙa wa ma'aikaciyar fasfon yana ƙamshin turaren wuta. "Ɗiyata, buga a hankali, da shi za ta Makka."

Da hatimin ya sauka ji na yi kamar a ƙirjina aka buga. Na shiga mota ina dariya ina hawaye, Kaka na ɗaga mini murfin kwalla.

Ban haɗu da dogon saurayi a Yamai ba, ni na riƙa ɗaukar jakata. Amma na ga faɗuwar rana a bakin kogi, na tsaya gaban aji na yi magana da Faransanci har aka tafa, na koyi zama cikin mutanen da ba su san gidanmu ba. Ranar nan ta Magama ta koya mini kada in raina abu don yana kusa da ni. Duniyar da nake ta nema a littafi, ashe ƙofarta na nan bayan gonakinmu, kuma saura ƙiris in bar mabuɗin cikin kwalla.