Bindigar Kawu Mai Shuri

Matso kusa ka gyara zama, yau labarin Kawu Dogon-Zango zan ba ka. In ka taɓa ganin wani dattijo gajere mai ƙirar tulu, yana tafe da hular da rana ta cinye launinta, yana gaida kowa har da wanda bai sani ba, to ka gan shi.

Asalin sana'arsa tuƙin motar kaya ce, amma tun yana saurayi yake farauta, da lasisinsa da komai. Da ya ajiye tuƙi, sai wata babbar gona da ke bakin daji ta ɗauke shi maharbi, domin aladun daji sun addabe su. Su shigo da asuba su tone dankali, su kwantar da masara, su fita suna kaɗa jela kamar gonar ubansu. Kawu yana da wata tsohuwar bindiga ƙarama, kuma salon aikinsa sananne ne. Zai ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta bayanta, ya yi ta jan ciki a tsakanin kunyoyin gonar har sai ya fara jin gurnanin alade a kunnensa. Sannan ya harba sau ɗaya. Ba a cika jin na biyu ba.

Ana nan sai gwiwa ta fara ƙorafi. Kawu ya ce shekarunsa sun wuce na rarrafe, ya je ya sayo wata ƙatuwar bindiga da ake kira magnam, mai dogon baki, da madubin hange a samanta. Daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. A wurin mai shayi, a shagon aski, ko a layin shan mai, sai ya kawo zancenta. Ya ce harsashinta ba ya gajiya a hanya. Ya ce na sauran bindigogi in sun yi nisa sai su sunkuya kamar surukin da ya shiga gidan surukai, amma nata miƙe yake tafiya. Ya ce wannan ta dogon zango ce, daga kan tudu zai zauna a kujera ya gama da alade a mita ɗari huɗu, shayinsa bai huce ba. Daga nan sunan ya bi shi.

To, ya kai kujerar kan tudu kuwa. Ƙarar bindigar tana tashi, tsuntsaye su watse, karnukan ƙauyen da ke tsallake su kama haushi, ma'aikatan gona su dafe ƙirji. Aladu kuma su ɗaga kai, su dubi juna, su koma cin dankali. Har aka ce akwai wani babban namiji mai guntun kunne da ya gane lokacin, yana jin ƙarar sai ya san babu kowa kusa, ya kira iyalinsa.

Kullum Kawu da dalilinsa. Yau iska ce ta ɗauke harsashi, gobe madubin ne ya goce, jibi kamfanin harsashin ne suka rage albarushi. Manajan gonar mutum ne mai kunya, ya daɗe yana haɗiye magana. Amma ranar da ya ga an tone masa kusan rabin fili, ya kira Kawu ofis, ya ba shi kujera, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce in har ƙarshen mako mai guntun kunnen nan yana numfashi, zai nemo wani maharbin.

Wannan magana ta tsaya wa Kawu a rai. Shi fa duk garin da maharbin gona aka san shi. In aka karɓe aikin, me zai ce a wurin mai shayi?

Washegari ya saɓi bindigar zuwa wurin Maƙeri, mai gyaran bindigogi, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Inna, matar Kawu, ta shiga motarsa domin za a sauke ta gidan ƙanwarta a hanyar dawowa. Shagon Maƙeri yana gefen filin gwajin harbi, ciki duk warin mai da baƙin ƙarfe, ga sukurori cike da gwangwanaye, ga wata fanka da ke juyawa in ta ga dama. Kawu ya shimfiɗa bindigar a tebur ya ce a duba ta, ta lalace.

Maƙeri ya leƙa bakinta, ya taɓa sukurorin madubin, ya ce bai ga ciwo ba. Suka fita fili. Ya ɗora ta a kan buhunan yashi, ya kafa kwali can nesa inda da ƙyar ido ke kaiwa, ya harba sau uku. Da aka ɗauko kwalin, hujin ukun tafin hannu ɗaya ya rufe su.

"Bindiga lafiyarta ƙalau, tsoho," in ji Maƙeri. "Saura mu duba abin da ke bayanta."

Kawu ya ce ai sa'a ce, ya karɓa ya kwanta, ya auna, ya harba. Ƙura ta tashi a wani wuri da ko maƙwabcin kwalin ba ne. Ya ce iska ta taso. Maƙeri ya dubi tutar filin, tana rataye kamar wankin da aka manta a igiya.

Inna tana zaune a inuwa da yatsu a kunne. Ta cire su a hankali ta ce, "Malam, ni dai ban san harbi ba. Amma dole ne sai an rufe ido? Na ga ka yi irin fuskar da kake yi in za a yi maka allura."

Kawu ya ce sam, shi da ya fuskanci alade gaba da gaba, wace ƙara ce za ta sa ya ƙifta. Ya ce mata ta bar maganar maza. Ta ce ta bari, amma ko zai gaya wa abokinsa abin da ya sa take gasa masa kafaɗar dama da ruwan zafi duk ranar da ya dawo daga gona, yana ce mata sanyin ƙashi ne.

Sai Maƙeri ya matso kusa. Ya karɓi bindigar, ya juya baya kamar yana ɗura harsashi, ya miƙa masa. Kawu ya kwanta, ya gyara hula, ya daɗe yana auna kwalin don ya kunyata su. Ya ja kunamar bindigar. Sai aka ji ƙyas, babu komai a ciki. Amma Kawu ya riga ya runtse ido, ya yage baki, ya fizge kafaɗa, bakin bindigar ya duƙa ƙasa kamar yana neman abin da ya faɗi. Ya daɗe a haka yana jiran shurin da bai zo ba.

Maƙeri ya yi dariya har ya zauna a kan buhun yashi. Da ya samu numfashi ya yi masa bayani. Ya ce irin wannan bindiga yadda take tura harsashi gaba haka take shurin mai ita baya, jiki kuma ba wawa ba ne, tun kafin shurin ya zo yake gocewa. A kusa, gocewar ba ta hana samu. Amma kaucin da bai kai faɗin gashi ba a bakin bindiga, kafin ya isa mita ɗari huɗu ya zama faɗin ƙofa. Ya ce abin yana da magani, a yi ta jan kunama babu harsashi har jiki ya manta da tsoro, sai dai yakan ɗauki watanni. Kawu kuwa kwanaki kaɗan gare shi.

A hanyar dawowa Kawu har ya wuce gidan ƙanwar Inna sai da ta taɓa shi.

Ranar ƙarshe, gari na wayewa, ya hau tudu ya zauna a kujerarsa. Ya hango mai guntun kunne a tsakiyar dankali, ya sa shi a madubi, ya ji kafaɗarsa ta fara noƙewa da kanta. Sai ya sauke bindigar. Ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ta nufa, ya gangara ta bayanta. Ya shiga kunya da jan ciki, gwiwa na kuka, ƙaya na yagar wando, ga doguwar bindiga tana maƙalewa a ganye kamar tana jin kunyar abin da ake yi da ita. Bai tsaya ba sai da ya ji aladen yana tauna. A wannan tazarar ko ido rufe ba a kuskure, kuma ido rufen ya harba.

Da manaja ya iso a motarsa, Kawu ya riga ya karkaɗe jiki yana tsaye kusa da aladen, ya kare yagaggen wandon da hula. Manaja ya zagaya mushen yana jinjina kai, ya tambaye shi daga ina ya same shi haka daidai.

Kawu ya nuna tudun da ke can nesa, inda kujerarsa take kamar ɗigon tawada. "Daga can na taso, ranka ya daɗe."

Ƙarya dai bai yi ba. Manaja ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce aiki nasa ne har sai ya ce ya gaji. Ya ƙara da cewa masu gonar za su kawo ziyara wata mai zuwa, kuma zai sa a jera musu kujeru a kan tudun, su ga wannan harbi da idonsu.

To, da kai ne Kawu, a nan gaban aladen za ka gyara zancen, ko sai an gama jera kujeru?