Kaset ɗin da ke Cikin Kaina

Abubuwa da yawa tsufa ya kwashe mini, amma bai kwashe ranar da na tsaya gaban kumandan jandarma ba. Ku da kunka tarar da gidan rediyon nan da na'urori, ku saurara. Ni Hajo, shara da ɗiban ruwa ne aikina a nan Konni, ban taɓa zama lakwal ba, wato makarantar boko.

Shekarar da hatsi ya yi tsada ne, bayan Sallar layya. Malam Isuhu ke da shirin tarihi duk ranar Laraba da hantsi. Ni kuwa in ya fara, sai in jingine tsintsiya bakin ƙofa in kasa kunne. Ran nan ya ba da labarin Amurka tun tana sabuwar ƙasa. Kashegari sai ga jandarma biyu da takardar sammaci, wai wani ya kai ƙara Isuhu ya zagi hukuma. Sunka tafi da shi.

Ƙa'ida ita ce, duk shirin da anka watsa ana ajiye kaset ɗinsa don shaida. To mu kaset ɗinmu kaɗan ne, ana naɗa sabon shiri bisa tsoho. Da daraktan gidan rediyon ya kunna na Laraba, sai gaisuwar biki daga Malbaza ke fita. Babu kaset, babu shaida, kuma an ce ran Litinin za a wuce da Isuhu gidan kaso.

Na ce wa darakta kaset na nan cikin kaina. Ni da na tashi gaban kakata, tatsuniya sau guda take faɗi, gobe ka maido mata ita daidai. Ya ce, "Inna, ki rufa wa kanki asiri. In sunka rufe gidan nan, har tsintsiyarki ta tafi." Na ce masa tsintsiya ba ta fi mutum ba. Na yafa mayafi, na hau kabu-kabu sai ofishin jandarma.

Kumandan ya dube ni ya yi dariya, ya tambaya ko fura na kawo. Na ce magana na kawo. Na tsaya na zuba masa shirin tun daga sallama. Yadda manyan Amurka na farko sunka kafa doka, duk wanda ya rubuta abin da ke zubar da girman gwamnati a ɗaure shi. Yadda anka kama masu jarida. Yadda anka ɗaure wani depite, wato ɗan majalisa, mutanensa sunka sake zaɓensa yana cikin kaso. Yadda dokar ba ta yi tsawon rai ba, masu ita sunka faɗi zaɓe. Har inda Isuhu ya yi tari na nuna masa.

Dariya ta ƙare. Ya ce, "Tsohuwa, ya ambaci shugabanninmu ko bai ambata ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai kama sunan kowa ba a ƙasar nan. Wanda ya ji sunansa ciki, shi ya zo da shi."

Sakatarensa ya rubuta da Faransanci, ya miƙo tawada in dangwala. Na naɗe hannuna cikin zane, na ce sai an karanta mini da Hausa. Da anka karanta, na ji an sa wai Isuhu ya ce mu yi koyi da su. Na ce bai faɗa ba, a goge. Sau biyu ana gyarawa kafin na ba da yatsa. Kafin la'asar anka sallami Isuhu.

Abin da na koya, ɗiyana: a aikin nan magana amana ce, ba a ƙara mata, ba a rage mata, ko gaban wa. Darakta ya sayo kaset kwali guda. Ni dai ban daina jingine tsintsiya ran Laraba ba.