Ƙyallen da Lawal ya kawo daga Boma

Duk matar da ta haihu a layinmu na Arba wa Nus ta san Inna Bakhita. Bahaushiyar Sudan ce, haihuwar Gadarif, ta shigo Alƙahira da kwanon lallenta da bakinta wanda ba ya hutawa. Da rana tana yi wa matan Zamalek, unguwar masu kuɗi, ƙunshi, in kuma aka haihu a cikinmu ita ce mai wankan jego, ko an kira ta ko ba a kira ta ba.

Abin taƙamarta wani farin ƙyallen siliki ne mai jan da'ira a tsakiya, an zagaye shi da baƙin rubutu. Mahaifinta Lawal, mutumin Zariya, sojan Turawa ne, shi ya zo da shi daga yaƙin Boma inda suka gwabza da Japanawa. Daga baya ya kama hanyar Makka a ƙasa, ya yada zango a Sudan, bai ƙara gaba ba. Bai taɓa ba kowa labarin yaƙin ba. Ƙyallen ma a ƙasan akwati yake, in zai ɗaga shi kuwa sai da hannun hagu. Mu kuma kun san halinmu da rubutu, ko a takardar ƙosai muka gan shi sai mun ɗauke daga ƙasa. Da Lawal ya rasu sai iyali suka yanke cewa laya ce, ita ta dawo da shi da rai, ƙarfinta ne ya hana shi taɓa ta da dama. Tun daga nan a ciki ake naɗe kowane jariri ranar suna, kuma Bakhita ta taho mana da al'adar har Masar. 'Ya'yana biyu duk sun shiga, ni da hannuna na turara shi.

A 2013 Awadiyya 'yar Bakhita ta haihu, bayan shekara tara ana jira. Bakhita ta rantse wannan jika sai ya wuni a cikin ƙyallen. Saura kwana biyu suna, sai ga Rania ta zo barka. Bamisiriya ce da Bakhita ke yi wa ƙunshi, ta karanci Japananci, tana yi wa Japanawa masu yawon buɗe ido jagora kafin juyin juya hali ya kore su. Ta ga ƙyallen a shimfiɗe kan gado, ta sunkuya tana karantawa, sai na ga ta ajiye kofin shayinta.

Ta ce tutar sojan Japan ce. Rubutun gefe sunayen danginsa ne suna masa fatan nasara, amma na ƙasa shi ya ƙara da hannunsa, garuruwan da suka ci ne da ranakunsu. Na farko Nankin a ƙasar Sin, ƙarshen 1937. Bakhita ta tambaya me aka yi a can. Rania ta so ta kauce, Inna ta matsa. Ta ce makonni aka yi ana karkashe fursunoni da mutanen gari, aka yi wa dubban mata fyaɗe, jarirai ma ba su tsira daga wuƙar bindiga ba.

"Ma'alish ya Hajja, ki yi haƙuri," in ji Rania, "mai wannan tutar alfahari yake yi da ya je."

Mutum ya yi wannan ta'asa, ya zauna ya rubuta da kyakkyawan hannu kamar mai rubuta katin biki, mu kuma mu ɗauko mu shafa a fuskar 'ya'yanmu muna neman tubarraki. Ƙamshin turaren da na sa masa ma sai na ji na tsane shi.

Bakhita ta kalli gadon. Can ta ce, "Ashe ƙyama Baba yake yi."

Ranar suna a tsohon zanenta na atamfa ta naɗe jikan. Mata suka yi ta tambayar ina laya, ta ce khalas, babu. Bayan an watse na ga ta ɗaga ƙyallen da yatsu biyu na hagu, ta cusa a ƙasan akwati, ta tafi ta wanke hannu kafin ta karɓi yaron.