Ranar Da Jakina Ya Shiga Majami'a

A shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai, ƙauyenmu da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ya samu majami'a. Kada ka ji na ce majami'a ka hango kwano da siminti. Ɗaki ne na laka, in ka miƙe da sauri kanka ya gaisa da jinka. Mu 'yan gidaje ne da muka bar Maguzanci muka bi Almasihu, sai aka turo mana malamin bishara, wani siririn mutum mai keke marar birki, da ƙafa yake tsayawa.

Malam ba ya hawa wa'azi hannu wofi. Ranar Asabar zai zaga gidaje ya ari wani abu, ranar Lahadi ya ɗaga shi ya ciro darasi. Ni ilimina a ajin yaƙi da jahilci ya tsaya, kuma ban ce ni na ci yaƙin ba, amma darussan nan sun zauna mini. Ya ɗaga rariya ya ce kada zuciyarmu ta zama irinta, gari mai laushi ya wuce, ita ta rungume tsaki. Ya ɗaga muciya ya ce mai sulhu haka yake, shi ke shiga zafi don kada tuwon gida ya yi gudaji. Rannan mata suka kalli juna, maza muka kalli jinka.

Sai dai akwai abin da Malam bai sani ba. A gargajiyarmu, duk abin da ka kai gindin tsamiyar tsafi ya tafi ke nan, ko kaza ko ƙwarya. Mai ɗaukowa ya ɗauko wa gidansa ciwo. To gwaggona, yayar babana, wadda duk ƙauyen ba mai tari in tana magana, ita ta yanke hukunci: in iskoki ma ba a karɓe musu kaya, ina ga Allah Mai Sama? Rariyar kuwa tata ce.

Da Malam ya mayar mata, ta ja hannu baya kamar an miƙo mata garwashi.

“Haba Malam, so kake in mutu ban ga jikoki ba? Na bar masa.”

“Gwaggo, me Allah zai yi da rariya?”

“Wannan tsakaninku ne, ku da kuka yi karatu.”

Ya yi bayani a gida, ya yi a majami'a, kowa ya ce amin, ba wanda ya karɓi kayansa. Kafin damina ta zagayo, ɗakin Malam ya zama rumfar kasuwa: fartanya, tulu, lauje, faifai, taɓarya, har da wandon wani dattijo da aka yi darasin faci a kansa. Mutum ɗaya ce ta tsira, wata Bafillatana mai tallan nono da ya ari ludayinta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ana cewa amin ta fizge abinta ta wuce, ba ta kuma yi ko atishawa ba. Gwaggo ta ce ai ita ba 'yar ɗakin ba ce.

Asabar ta zama ranar ɓoyo. Da an ji ƙarar kekensa sai ka ga mata na cusa kwanoni a rumbu. Ka shiga gida ka tarar da mutane zaune a fili fetal kamar an yi musu gobara.

Ni kuwa a lokacin ina sabon ango, dukiyata duka a duniya jaki ne guda. Shi ke kai mini itace da gero kasuwar Dutsin-Ma, shi ke ɗebo ruwa daga rafi. Jaki kuma ba ya shiga rumbu, na gwada. Ran wata Asabar Malam ya jingine keke, ya dubi gidan da muka share tas, sai jakin ya zaɓi lokacin ya daddage ya yi kuka daga bayan danga.

“Ango, gobe ka ara mini shi.”

“Malam, ba shi da lafiya. Kuma ba shi da tarbiyya. Kuma ina jin bai tuba ba.”

“Shi ya sa nake son sa.”

Bayan ya tafi amarya ta ce mini, cikin ladabi irin nata, “Maigida, in ya zama na Allah, sai ka fara gwada mangalar nan a bayanka tun yau, ka saba.”

Da safe na ja jakin ina yi masa nasiha a kunne ya turje a ƙofa. Dabbar da ko gada ba ta hawa sai da sanda, rannan ta shige kamar dattijon majami'a. Gwaggo ta dube ni ta girgiza kai: “Sai haƙuri, ɗan nan. Ya shiga.”

Malam ya aza masa mangala. Sai ya shiga fito da kayan nan ɗaya bayan ɗaya yana labta masa, rariya a sama, wandon dattijo a wuya. Sannan ya ce, “'Yan'uwa, ku dubi bawan Allahn nan. Kayan da yake ɗauke da su ba nasa ba ne, bai kuma yi gunaguni ba. Ko daga ina ka sake shi, ya san gidan maigidansa. Mu fa, mun san hanyar gidan namu Maigidan?” Ya saki igiya, ya ɗan dafa masa gindi.

Jaki ya fita. Muka bi shi a baya, ba wanda ya jira waƙar rufewa. Ya bi ta gonar gyaɗa, ya tsaya ya yi abin da jakuna ke yi, muka jira shi da girmamawa, sannan ya miƙe sak har turkensa a gidana.

Nan na gyara murya, na tsaya a gabansa. Na ce, “Jama'a, kun gani da idonku. Ba ni na ɗauko ba, Mai kayan ne ya aiko. Kuma da yake ya fi kowa sanin gidaje, gidana ya aiko su. Na karɓa, na gode. Amarya, shigar da rariyarki.”

Gwaggo ta dubi sama, ta dubi jaki, ta dubi amaryata da ta riga ta miƙa hannu.

“Ke, sauke hannunki! Rariyar da uwata ta ba ni?”

“Gwaggo, ai kin bar masa.”

“Na bar masa, ban bar maka ba, ɗan banza mai kunnen jakinsa!”

Ta fizge abarta. Kafin ka ce me, mangala ta koma wayam, dattijo na gudu da wandonsa a hammata. Malam yana jingine da danga yana dariya har da hawaye.

Aka bar ni da jakina, wanda shi kaɗai nake nema. Tun daga ranar in na ɗaga masa sanda sai gwaggo ta daka mini tsawa, wai ba a dukan ɗan aike. Ya mutu da ƙiba, yana tafiya yadda ya ga dama, kuma ban ƙara isa kasuwar Dutsin-Ma kafin azahar ba.