Ranar da Aka Ɗiga wa Inna Magani a Ido

Shekarar da soja suka koma bariki, azumi ya zo mana cikin sanyi, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. An ce gwamnatin farar hula za ta ɗauki malaman firamare, saboda haka kullum ƙafata na kan hanya tsakanin gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da sakatariya a Tarauni, ina duba allo ko an kafe sunaye. Ko ina gida, rabin hankalina yana can.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ɗinkin hula take yi. Tun rasuwar babanmu da allurar nan ta riƙe mu. A watannin nan na lura tana bin hasken rana da tabarmarta, daga bakin ɗaki zuwa gindin rijiya, tana ta juya hular a hannu kafin ta soka allura. In na yi magana sai ta ce zaren yanzu ne ba shi da kyau. Maƙwabciyarmu ce ta matsa, wata nas 'yar kudancin Kaduna da duk layinmu ke kira Sista. Ta ce a kai Inna asibitin idon da take aiki, likita ya duba tun da sauran gyara.

Muka je da safe. Sista ta yi mana bayani cewa likita ba zai ga can cikin ido ba sai an buɗe ɗan baƙin nan na tsakiya, kuma da magani ake buɗe shi: a ɗiga, a jira, a sake ɗigawa, har sau uku. Inna ta gyara mayafi ta ce sam. Ta taɓa ɗiga maganin ido ta ji ɗacinsa a maƙogwaro, ita kuwa ba za ta karya azumi a kan benci ba, a bari sai bayan salla. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na baro duba allo na rako ta, ga shi za mu koma yadda muka zo.

Sista dariya kawai ta yi. Ta daɗe tana fama da masu azumi. Ta kama ɗan yatsan Inna ta ɗora a lungun ido, gefen karan hanci.

“Inna, ta nan yake bi ya sauka maƙogwaro. Ki danne nan, ki rufe ido, ki yi ta salatinki.”

Aka ɗiga. Inna ta danne, ta jira, ta haɗiyi yawu a hankali, ba ta ji ɗaci ba. Ta ce wannan yarinya ta fi wasu masu azumin sanin azumi.

Daga nan sai jira. Benci cike da mutane, kowa ido rufe, yatsa a gefen hanci. Na zauna, na tashi, na leƙa agogon bango, na dawo. Da aka yi ɗigo na biyu sai na ce a raina sakatariya ba nisa. Na raɗa wa Inna cewa yanzu zan dawo, na fita na tsayar da acaɓa.

Ba a kafe komai ba. Amma na tarar da irina masu jira, wannan ya ce gobe, wancan ya ce bayan salla, na tsaya ina ta sauraro har aka kira azahar. Da na koma, Inna na zaune ita kaɗai a baranda, ta ja mayafi ta rufe fuska. An kira Sista ɗakin tiyata. Likita ya gama dubawa, ya nemi wadda ta rako ta bai gani ba, sai aka ba ta takarda aka ce ta ba ni. Na cusa a jaka ban buɗe ba. A cikin tasi idonta a runtse yake, hawaye na bin kumatunta. Na ɗauka gajiya ce, na ci gaba da mitar sunayen da ba a kafe ba.

Bayan la'asar ina suyar ƙosai na hango ta ta ɗauko hula. Ta ɗaga allura, ta kai zare, ta kuskure. Ta matso da ita, ta nisanta, ta koma inuwa, ta sake gwadawa. Ta daɗe a haka. Can sai ta linke hular, ta tattara allurai cikin gwangwaninsu, ta rufe, ta kira ni.

“Ungo. Hular nan saura gefe ɗaya, ki kai wa ƙanwata a Daurawa ta ƙarasa wa mai ita. Idon ya tafi. Kada ki gaya wa Sista, ba da gangan ta yi ba.”

Na durƙusa na dubi idonta. Baƙin ya buɗe ya kusa cinye ƙwayar duka. Sai a lokacin na tuna da takardar. Layi huɗu ne kacal. Saboda maganin, ba za ta ga abu na kusa ba, haske kuma zai dame ta, amma zuwa gobe zai washe. Kada ta yi ɗinki yau. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani, kuma ana cire ta, a dawo bayan salla.

Na karanta mata sau biyu. Ƙosai na can yana ƙonewa. Inna ta tambaya a hankali, ba da faɗa ba:

“Tun azahar takardar nan tana jakarki?”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga baranda har gida, har la'asar, matar nan tana zaune da yaƙinin ta makance, kuma abin da ya dame ta shi ne hular mutane da kada ran Sista ya ɓaci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari da hantsi ta karɓi gwangwaninta, ta zura zare a gwaji na biyu. Bayan salla aka yi mata aikin. Tun safe na zauna a kan bencin nan, takalmanta a hannuna, ban motsa ba har aka fito da ita. Ashe ranar aka kafe sunayen. Sai bayan kwana biyu na ji a bakin mutane.